Kwikwiyo a ofishinmu: yaya za mu tsara masa yini ba tare da an cuce shi ko an takura wa ma'aikata ba?

Sakatariya, Rayfield

Salama alaikum, jama'a, ina yi wa kowa barka da aiki. Ina neman shawara ne a kan wani al'amari da ya taso mana a wurin aiki, wanda wasu za su ɗauke shi ƙarami, amma ni ya tsaya mini a rai. Ni sakatariya ce a wani ƙaramin ofishin masu awon filaye da zanen gidaje a nan Jos, kuma ofishin gidan zama ne mai katanga da farfajiya aka mayar wurin aiki. Bayan da ɓarayi suka tsallako suka kwashe mana batiran sola, sai maigidanmu ya sayo kwikwiyo ɗan kimanin mako goma, ruwa biyu ne tsakanin karen gida da irin nan na Jamus mai miƙaƙƙun kunnuwa, da nufin idan ya girma ya riƙa taya maigadi tsaro. Maigadin kuwa sai magariba yake zuwa, da sassafe ya tafi, saboda haka ɗawainiyar kwikwiyon da rana ta faɗo a kaina.

Mun sa masa suna Guguwa. Da safe nakan tarar da shi a bayan ƙofa yana kuka yana kaɗa jela, kuma daga lokacin ba ya rabuwa da ƙafata. Yakan kwanta a ƙarƙashin teburina ya ɗora haɓarsa a kan takalmina, da ya ji ƙarar firinta sai ya zabura. Ya riga ya tauna wayar caja da gefen wata taswira da aka naɗe aka jingine a bango, kuma yana fitsari a bakin ɗakin zane. Wasu ma'aikatan suna ba shi duk abin da suke ci, daga burodi da shayi har ƙashin kaza.

Abin da ya fi damuna shi ne abokan aikina Musulmi. Ni Kirista ce, kuma a ƙauyenmu karnuka a waje suke kwana, suna cin ragowar tuwo, ba wanda ya taɓa tsara musu komai. Da azahar, idan suna alwala a famfon baya, yakan ruga ya sa baki a ruwan buta, kuma akwai wani dattijo a cikinmu, mutum mai kawaici, wanda ya daina shimfiɗa sallayarsa a baranda, yanzu sai ya fita waje. Bai ce wa kowa komai ba, amma ba na jin daɗin hakan ko kaɗan. Ina roƙon masu sani su faɗa mini yadda ya kamata yinin kwikwiyo irin wannan ya kasance a ofis, abin da zai ci, inda zai zauna, da kuma yadda za mu kiyaye haƙƙin masu salla.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Bukuru

Amin, wa alaikumus salam, Malama. Sannu da ƙoƙari. Na karanta bayaninki har ƙarshe ban ga inda kika ambaci allurar rigakafi ba, don haka da ita zan fara. Ki sa maigidanku ya nemi katin allura daga wanda ya sayar masa da kwikwiyon, in babu kati kuwa a ɗauka ba a yi komai ba, a kai shi asibitin dabbobi cikin makon nan. Akwai haɗaɗɗiyar allura da ake kira DHLPP, wadda ake farawa tun kwikwiyo yana da mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai kimanin mako 16. Daga cikin cututtukan da take karewa akwai fabo, mai sa amai da gudawa mai jini da wari, wadda ke iya kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Ƙwayar cutar tana daɗewa watanni a cikin ƙasa, kuma takan shigo gida a ƙasan takalmi, to ku kuwa mutanenku kullum suna yawon awo a filaye da unguwanni, su dawo su taka inda yake kwanciya. Allurar tana kuma kare shi daga wata cuta da ake ɗauka daga fitsarin ɓera, wadda ke kama mutane ma.

Idan ya cika wata uku sai a yi masa allurar ciwon haukan kare, a riƙa sabuntawa kowace shekara. Mu mutanen Filato ba mu da uzuri a kan wannan, domin Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana nan Vom tun 1924, kuma tana cikin masu samar da wannan allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga kare suke ɗauka. A haɗa da maganin tsutsar ciki, bayan kowane mako biyu har ya kai wata uku, daga nan wata-wata har ya kai wata shida.

Game da yininsa, abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kwikwiyo mai wannan shekaru yana buƙatar barcin awa 18 zuwa 20 a kowace rana. Idan kowa ya wuce sai ya taɓa shi, ya ɗaga shi, ya tashe shi, to gajiya ce za ta sa ya riƙa cizo da guje-guje, ana zaton ƙiriniya ce. A yi masa wuri guda nasa, keji mai faɗi ko wani lungu da aka kewaye da waya, a inuwa, nesa da janareta saboda hayaƙi da ƙara, da buhu ko tsohon bargo a ƙasa, da kwanon ruwa mai nauyi wanda ba zai kife ba. In ya shiga nan kada kowa ya dame shi.

Fitsarin kuwa ba rashin ji ba ne. Mafitsararsa ƙarama ce, kuma abin da aka saba ƙiyastawa shi ne yana iya riƙewa kimanin awa ɗaya ga kowane wata na rayuwarsa, wato a yanzu awa biyu ko uku. Ki fitar da shi zuwa kusurwa guda a farfajiya da zarar ya tashi daga barci, da bayan ya ci abinci, da bayan wasa, idan ya yi a can ki yaba masa nan take ki ba shi ɗan abin tauna. Inda ya saba yi a ciki a wanke sosai har warin ya fita, domin wari ne ke mayar da shi wurin. Duka ko goga masa hanci a fitsari tsoro kawai yake koya masa, sai ya koma yi a ɓoye bayan durowa.

Tauna ma tana da dalili. Yanzu haƙoransa na farko ne guda 28, za su fara zuba wajen wata huɗu, manya guda 42 su fito kafin ya cika wata bakwai, kuma duk wannan lokacin dasashinsa yana masa ƙaiƙayi. A saya masa robar tauna mai kauri ko a ɗaure masa igiya mai ƙulli, a ɗage wayoyi daga ƙasa. Wannan ba don asarar caja kaɗai ba, na taɓa ganin kwikwiyon da aka kawo mana bakinsa a ƙone, yana cikin taunar waya aka kawo wuta.

Abinci sau uku ko huɗu a rana, a lokaci tsayayye, daga hannun mutum ɗaya. In ba za a iya sayen abincin 'yan kwikwiyo na buhu ba, a dafa masa shinkafa da nama ko kifi da aka cire wa ƙaya, da dafaffen ƙwai, ba yaji, ba magi. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, don haka tsire da miyarmu ba nasa ba ne. Goro da cakulan da shayi mai ƙarfi guba ne a jikinsa, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji, madara da sukari kuma gudawa suke sa yawancinsu. Kada a ba shi Panadol ko wani maganin ciwon jiki na mutane, kuma a duba sito a kwashe maganin ɓera tun yau.

Malamin Islamiyya, Unguwar Rogo

'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika lura da halin dattijon nan ba tare da ya furta ba, domin irin wannan lura ita ce gishirin zaman tare a gari irin namu. Zan faɗi abin da na sani, Allah shi ne mafi sani.

Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan jikin kare da yawunsa. A mazhabar Imam Malik, wadda mafi yawan Musulmin ƙasar nan suke bi, duk abu mai rai mai tsarki ne, har da guminsa da yawunsa, kuma kare yana ciki. Hadisin da ya yi umarni a wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya sha ruwa a cikinta, Malikawa sun ɗauke shi a matsayin umarnin bauta, ba hujjar cewa kare najasa ne ba. Shafi'awa da Hambalawa kuwa suna ganin najasa ce mai kauri, sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, Hanafawa kuma suka ce yawun ne najasa, ba gashin jikinsa ba. Amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne a wurin kowa, kuma salla ba ta inganta a kansu. Tunda kin ce yana fitsari a ciki, to dattijon yana da dalili mai ƙarfi na gudun barandar, ko da wace mazhaba yake bi.

Akwai kuma batun ajiye karen kansa. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya riƙi kare, in ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa yana raguwa kullum, kuma mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake ciki. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan tsaron gona da dabbobi, suka halatta shi idan akwai buƙata, kuma ku an riga an yi muku sata. Abin da wannan yake nunawa shi ne wurin Guguwa farfajiya ne, ba ƙarƙashin tebur ba, kuma ba ɗakin da ake salla ba.

Shawarata ita ce a ware ɗaki ko ɓangaren baranda a sa masa ƙofa ko ɗan shinge wanda karen ba zai taɓa tsallakewa ba, a wanke wurin sosai kafin a koma salla a can. Butoci a ɗora su a kan kanta, sallaya a naɗe a rataye, takalman masallata kuma a sa su inda bakinsa ba zai kai ba. Kafin azahar da la'asar ki mayar da shi kejinsa. Sannan ki sami dattijon cikin girmamawa, ki ce masa, Baba, ga abin da muka tsara, ko akwai abin da kake so a ƙara. Kada a jira shi ya nema.

Ina kuma tunatar da 'yan'uwana Musulmi na ofishin cewa nisantar kare ba lasisin cutar da shi ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa, wato takalminsa na fata, ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ga kwanon ruwan kwikwiyon nan ya bushe ya cika masa, yana da lada, kuma jifa ko shuri ga dabbar da aka tsare a gida zalunci ne.

Ɗan kwangila, Farin Gada

Ina girmama bayanin likita da na malam, amma ni ina ganin tun farko ba a kyauta ba. Ofis wurin jama'a ne. Akwai tsohuwar da za ta zo da takardun filin marayunta, akwai mai zuwa da ƙaramin yaro, akwai wanda kare ya taɓa ciza tun yana yaro har yau in ya ji haushin kare gabansa yake faɗuwa. Irin waɗannan ba za su yi ƙorafi ba, sai dai su koma wani ofishin. Yau ɗan ƙarami ne kowa yana sha'awa, amma nan da wata takwas zai kai gwiwar mutum, muryarsa ta buɗe.

Sannan, Malama, an ɗauke ki aikin sakatariya ne, kuma kiwon kare aiki ne daban mai cin lokaci da kuɗi. Ya kamata maigidanku ya faɗi a fili wanda ke da alhakin karen, ya ware kuɗin abinci da allura kowane wata, kada ya zama daga albashinki ake sayen ƙwai. Ina kuma tambayar masu sani, karen da ya tashi kowa yana shafa shi, har ya saba da baƙi, ta yaya zai yi gadi?

Sakatariya, Rayfield

Na gode ƙwarai, likita da malam da Alhaji ɗan kwangila. Na karanta wa maigidanmu amsoshinku, ya amince a kai shi asibiti, kafinta kuma zai zo ya duba inda za a yi keji a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Na yi magana da Baba kamar yadda malam ya ce, ya sa mini albarka, ya roƙi kawai a gyara ɗan ɗakin da ke kusa da sito ya zama wurin salla. Saura abu uku. Ranakun Asabar da Lahadi ba kowa a ofis daga safe har magariba. Sanyin dare kuma ya fara shigowa, kun san Jos. Na uku, jiya yana wasa da masinjanmu haƙorinsa ya karce shi a yatsa har jini ya ɗan fito, yaron ya ce ba komai.

Mai kula da sito, Kubwa, Abuja

Malama, mu ma mun raini kwikwiyo a harabar kamfanin da nake aiki, mace ce, yanzu ta girma tana gadi, saboda haka bari in faɗa miki yadda yininta yake a lokacin da take ƙarama, in kuma amsa wa Alhaji.

Maigadi ne yake fitar da ita da asuba ta yi bahaya, ya ba ta abincin safe kafin ya tafi. Idan na iso nakan sa mata igiya mu zagaya cikin katanga, ta shinshina tayoyin motoci da bakin kwata, in koya mata zama da zuwa idan an kira ta, na 'yan mintoci kawai, domin hankalin kwikwiyo ba ya daɗewa a kan abu guda. Daga nan sai keji, ta yi barci har hantsi ya ɗaga. Tsakar rana ta ci, ta fita, ta koma inuwa. Mu a Abuja zafin watan Maris shi ne abin tsoro, don kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma simintin farfajiya yakan ƙona masa tafin ƙafa, shi ya sa nakan ɗora bayan hannuna a ƙasa kafin in fito da ita. Da yamma, bayan baƙi sun ragu, sai a sake ta ta yi gudu har ta gaji, ta ci na dare a hannun maigadi. Da ta gane wannan tsari sai kukan ya ragu, domin ta san abin da ke biye da kowane abu.

Game da tambayar Alhaji, abin da na gani ya saɓa wa abin da ake zato. Watanni uku ko huɗu na farko su ne lokacin da kwikwiyo yake koyon abin tsoro da abin da ba na tsoro ba, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mun bar ta tana ganin mai babbar riga da mai hijabi da mai hular kwano da yara 'yan makaranta, daga cikin kejinta ko a igiya, ba tare da kowa ya taɓa ta ba sai wanda ya so. Da ta girma sai ta bambance mai shigowa ta ƙofa da rana da mai taɓa katanga da dare, kuma haushinta na dare daban yake, maigadi yana ji ya san akwai magana. Karen da aka ɗaure da sarƙa aka hana shi ganin mutane, ana dukansa wai don ya yi zafi, shi ne yake cizon ɗan maƙwabci da mai kawo ruwa. Amma na yarda da Alhaji cewa wurin karɓar baƙi ba wurinta ba ne, mu ma ba ta taɓa shiga ba, kuma mun rubuta sanarwa a ƙofa cewa akwai kare a ciki. Kada kuma a sa ran gadi daga Guguwa kafin ya shekara.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Bukuru

Malama, batun masinja ba na jira ba ne. Duk inda haƙorin kare ya fasa fata, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a je asibiti. Tunda ba a yi wa Guguwa allurar haukan kare ba, kuma ba ku san lafiyar uwarsa ba, yaron ya je yau ya gaya wa likita haka, likitan ne zai yanke ko za a fara masa allura, kuma ofis ya biya. Cutar nan in alamunta suka bayyana kusan ba a tsira. Ku kuma sa wa kwikwiyon ido na kwana 10, in ya daina ci, ko yawu ya riƙa zuba, ko halinsa ya canja, a sanar da likitan dabbobi nan take. Daga yau a daina wasa da shi da hannu tsirara, in ya kama yatsa a tsayar da wasan a miƙa masa robarsa.

Asabar da Lahadi ba zai yiwu a bar shi daga safe har magariba ba ci ba fita ba. Ko a biya maigadi ko wani na kusa ya riƙa leƙowa da tsakar rana, ko maigidanku ya tafi da shi gida har ya kai wata shida. Don sanyi kuwa, a ɗaga kejin daga ƙasa da katako, a rufe ɓangaren da iska ke bugowa, a ƙara masa bargo, kada a kunna masa gawayi. Bargon a riƙa wanke shi ana shanyawa a rana tsaka ya bushe ƙayau, saboda akwai ƙudan da ke yin ƙwai a tsumma mai danshi da yashin da aka yi wa fitsari, tsutsarsa ta shiga fatar kwikwiyo ta yi ƙuraje masu huji. Ki riƙa duba cikin kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska, kuma kada kowa ya yi masa wanka da maganin feshin gona, a karɓi wanda ya dace da nauyinsa a asibiti ranar da za a kai shi allura.